Sunan Malam a Ƙarƙashin na Mahauci

Da ƙungiyarmu ta masu sana'a ta Rano da Kibiya ta yanke shawarar shiga intanet, ba mu je neman ma'aikaci da nisa ba. Yarinyar gidana ta gama karatun kwamfuta a Kano, ta dawo tana zaune, sai aka ce a gwada ta. Sunanta ba zai fito daga bakina ba, don 'yar fari ce, amma za ku ji shi a bakin wasu.

Shugabanmu Alhaji Datti, mai sayar da taki a Kibiya, shi ya kafa sharaɗi. In abin ya yi aiki kafin Babbar Sallah, aikin ya zama nata, ita za ta ci gaba da riƙe shi. In bai yi ba, akwai wani mutumin Kano mai 'yar jaka a kafaɗa da yake ta yi wa Alhaji zarya, shi za a miƙa wa. Ni kuwa tun ranar da na sayar da fadamata ta Rurum na kai ta makaranta ake yi mini dariya a majalisa. Wai Ishiyaku mai gyaran injin ban-ruwa ya sayar da abin da yake fitar da albasa ya sayi abin da yake fitar da surutu. To ka ga in abin ya ƙi, ba aikin kaɗai za a karɓe mata ba. Da ni da ita sai mun daina bi ta bakin kasuwa.

Ga yadda aikin yake, kamar yadda ta yi mini bayani ina cin tuwo. Ƙungiya ta sayi babban suna guda a intanet. A ƙarƙashinsa kowane ɗan ƙungiya yana da nasa sunan, kamar ɗaki a cikin babban gida. Manhajar da ta haɗa ita take riƙe da rajistar sunayen nan: ta nan ake saka sabo, a gyara tsoho, a goge na wanda ya fita. Sannan sai hanyoyi, wato layukan da suke gaya wa kwamfuta inda za ta kai mutum in ya rubuta adireshi a wayarsa.

"Baba, ka ɗauka tasha ce," in ji ta. "Motoci a jere. Fasinja ya shigo, ɗan kamasho ya fara daga motar farko. Ta Tudun Wada ce, can za ka? A'a. Ta biyu ta Bunkure ce, can za ka? Duk motar da ta fara cewa nawa ne, ita ta ɗauka, ba a ƙara waiwayar na bayanta. Haka kwamfuta take karanta layukan, daga sama zuwa ƙasa."

"Wanda ba motar garinsu fa?"

"Shi ya sa akwai layi na ƙarshe. Shi duk wanda ya zo sai ya ce nawa ne. Don haka dole a ajiye shi can ƙasa, ya kwashi wanda ya ɓata."

Wannan layi na ƙarshe tun farko Alhaji Datti ya yanke hukunci a kansa. Ya ce a ƙasar nan baƙon da ya sauka bai san kowa ba zauren Malam ake kai shi, haka muka tarar, haka za mu bari. Malam Abdurrahman ke nan na Rurum Sabon Gari, uban ƙungiyarmu, wanda rabinmu a gabansa muka yi karatun allo. Yarinya ta ce to. Ta yi wa Malam shafi da hotonsa da lambar wayarsa, duk wanda ya ɓata a kai shi can.

Ranar da za ta nuna aikin mun taru a rumfar Alhaji, tsakanin buhunan taki. Ta buɗe kwamfuta ta nuna shafin Kawu na Kahu da bijimansa guda biyu da ya yi wa kiwon Sallah, ta nuna na Lubabatu mai man gyaɗa ta Fassi, ta nuna nawa da hoton inji. Kowa yana ta Masha Allah. Da a nan aka tashi da an zauna lafiya. Sai Alhaji ya ce shi ba ya sayen buhu sai ya zura hannu ciki, a nuna masa cikin abin.

Ta buɗe masa layukan. Rubutu ne irin na kwamfuta, baƙaƙe da alamomi kamar kaza ta bi ta kan siminti, amma sunayen mutane suna nan a fili. Alhaji ya gyara tabarau ya ɗora yatsa a sama ya fara gangarowa.

"Wannan Lubabatu ce?"

"Ita ce, Baba Alhaji."

"A sama."

"Ita ta fara kawo hotunanta."

Ya yi gyaran murya ya ci gaba. Ya wuce Kawu, ya wuce tela, ya tarar da kansa a tsakiya, ya haɗiye wannan. Yatsa ya kusa kai ƙasa.

"Murtala. Wane Murtala?"

Daga can bayan rumfa Murtala ya ce, "Murtala nawa gare ku? Ni ne, mahauci."

"To wannan na ƙarƙashinsa fa, na ƙarshe?"

"Malam ne," in ji yarinya.

Alhaji ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ko sunan zai tashi daga wurin. Bai tashi ba.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ke Sadiqa, a Kano aka koya miki wannan ko a gidanku?"

Ya juyo ya dube ni. Na dubi kwanon rumfa. Mutum ba ya tsaya wa ɗan fari a gaban jama'a, ko yabo ko kariya. Da ta biyu ce da Alhaji ya ji abin da bai taɓa ji ba.

"Baba Alhaji, ba jerin girma ba ne," in ji ta. "Layin Malam kowa yake ɗauka. In ya hau sama ba wanda zai wuce shi. Mai neman taki, mai neman nama, duk wajen Malam za su."

"To laifi ne mutum ya fara gaida Malam kafin ya wuce?"

"Ba za su wuce ba, Baba Alhaji. A nan za su tsaya."

"Wa ya taɓa zuwa wajen Malam ya maƙale? Mu da muka je ba ga mu nan ba?"

Aka yi dariya, har da waɗanda ba su fahimta ba. Ta ce to akwai wata dabara: a sa Malam a sama, amma ya ɗauki masu nemansa kaɗai, baƙin da suka ɓata a ba wa wani a ƙasa.

"Wato a ƙwace wa Malam baƙinsa yana raye? Ke yarinyar nan, kin tashi daga wannan kin faɗa wancan."

"Baba Alhaji, layukan nan fa ba wanda yake ganinsu sai ni. Mutanen waje shafi kawai suke gani."

"Ni ba mutum ba ne da na gani? Allah bai gani ba?"

Murtala ya ce shi bai roƙi a sa shi saman kowa ba, amma tunda Allah ya ɗaga shi yau ɗaya a bar shi ya sha iska. Alhaji ya ce ya rufe masa baki, wari yake ji. Murtala ya ce warin taki ne, shi nama ba ya kwana a hannunsa.

Yarinya ta dube ni sau ɗaya. Na ci gaba da ƙirga ramukan kwano. Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Baba Alhaji." Ta ɗauko layin Malam ta kai sama. Alhaji bai bar ta ba sai da ta jera kowa yadda ake zama a ɗaurin aure: Malam, shi, alhazai, dattawa, sauran jama'a, mata, Murtala. Kafin a tashi ya ja kunnen kowa, kada wanda ya kuskura ya gaya wa Malam cewa an taɓa ajiye shi a ƙarƙashin mahauci, tsoho ne, hawan jini gare shi.

An riga an buga adireshin kowa a takarda an manna a motocin haya masu zuwa Kano da Zariya, an yaɗa a wayoyi. Washegari Alhaji ya rubuta nasa adireshin a wayarsa a gaban masu sayen taki, sai ga fuskar Malam da rawani.

"Kun gani? Albarka ke nan. Kafin ka ga taki sai ka ga Malam."

Ya yi ta dannawa don ya wuce zuwa takin. Malam bai gusa ba. Alhaji ya sa wayar a aljihu ya ce yau sabis ba kyau.

Ana cikin haka Malam ya aiko in je in duba injinsa na lambu. Na tarar da shi a zaure yana ba wa manyan ɗalibai karatun littafi. Ban gama gaisuwa ba waya ta yi ƙara a ƙarƙashin buzu. Malam ya ɗaga wa ɗalibai hannu ya ɗauka.

"Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Lafiya lau. Ya iyali? Ya ruwa a wajenku? Madalla. Na'am? Bijimi? A'a, bawan Allah, rago ɗaya gare ni, shi ma na layya ne. A'a, ba wai ina ja maka rai ba ne don ka ƙara. Wallahi ba ni da shi. To Allah ya hore maka. Amin, amin."

Ya ajiye, ya nemi inda ya tsaya a littafi, ya karanta rabin layi. Waya ta sake.

"Wa alaikumus salam, Hajiya. Man gyaɗa? Jarka? Hajiya, ni malamin makaranta ne. Eh, hotona ne. A'a, ba mijinta ba ne ni."

Ɗalibai suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu suna rawa. Malam mutum ne da ba ya kashe wa baƙo waya, kuma ba ya sallamar mutum ba addu'a. Kowane kira sai ya ci lokacin da za a karanta shafi guda. A zaman da na yi an nemi rabin saniya na suna, an nemi ɗinkin Sallah na yara, wani ma injinsa ne ya ƙi jan ruwa, wato ni yake nema, ina zaune ina ji Malam yana ba shi haƙuri.

Da na fito sai na ga akuya ɗaure a ƙofar zaure, wani tsoho yana zaune kusa da ita. Na ce Baba lafiya? Ya ce ya ji an ce Malam ya fara dillanci ta waya, har Zariya ana kiransa, shi ne ya kawo a sayar masa, don ya san Malam ba zai ci amanarsa ba.

Malam ya biyo ni lambu yana dogara sanda.

"Ishiyaku, ko ka san abin da na yi wa mutane? Ko abinci ba na ci da zafinsa. Na ɗauka jarrabawa ce daga Allah, amma jarrabawar da take tambayar kuɗin jarka ban taɓa karanta ta ba."

Na ce Allah gafarta Malam, bututun injin ne ya tsage. Na naɗe shi da roba na tafi.

Ranar kasuwa Kawu ya iso rumfar Alhaji da sandarsa a wuya, ko sallama bai ƙarasa ba. Ya ce ya kori dillalai uku saboda an ce masa mai saye zai kira shi kai tsaye. Ga Sallah ta matso, bijimai suna cin dusa kamar ana bin su, ko ɓatan kai ba wanda ya kira. Lubabatu ta aiko cewa ita ma shiru. Wani sabon ɗan ƙungiya ya zo a saka sunansa, yarinya ta buɗe ƙofar da ake shiga rajista, ita ma sai ga Malam da rawani. Wato har mai gidan ba ta iya shiga ɗakinta ta ƙofar gaba.

Alhaji ya tattara duk wannan ya yanke hukunci a gaban mutane: aikin yarinya bai yi ba. Dama ya faɗa, kwamfuta ba tukunya ba ce. Jibi da hantsi a taru, zai kira mutumin Kano a waya a gaban kowa a miƙa masa.

Da safe ina shan koko ta fito ta durƙusa nesa da ni.

"Baba, gyaran nan bai kai a ɗaura ɗankwali ba. Layi ɗaya zan mayar ƙasa."

"To mayar mana."

"Baba Alhaji ya ce in na taɓa ba da izininsa ba, ya cire hannunsa daga kaina. Kuma in na mayar a ɓoye, ranar da ya ce a buɗe masa fa?"

Na ci gaba da kurɓar koko.

"Kana wurin, Baba. Ka ji na gaya masa. Ba ka ce komai ba."

"In ce me? In tashi a gaban dattawa in ce 'yata ta fi ku gaskiya? A ce Ishiyaku ba shi da kunya?"

"To ai shi ke nan. Kunya ta ci aikin."

Ta tashi ta shige. Kokon bai ƙara yi mini daɗi ba. Na zauna ina tunani. An hana ni yin magana a kan yarinya, an hana ni gaya wa Malam zancen mahauci. Amma ba wanda ya hana ni ɗaukar mutum a babur.

Ranar taron na biya Rurum tun da sassafe. Na ce Allah gafarta Malam, ƙungiya tana taro, kuma maganin wayarka yana can. Bai ko tambaye ni ba, ya ce a miƙo masa takalmi. A hanya sau biyu muna tsayawa yana amsa kira, don ba ya yarda ya yi wa mutum addu'a iska tana kaɗa maganar.

Mun tarar rumfa ta cika. Yarinya tana gefe da kwamfutarta a rufe a cinya. Alhaji yana tsaye da waya a hannu yana neman lambar mutumin Kano. Da ya ga wanda na ɗauko sai ya kusa yar da ita. Aka tashi, aka shimfiɗa darduma, aka yi gaisuwa.

"Ishiyaku, wa ya ce ka wahalar da Malam?" in ji Alhaji ƙasa-ƙasa.

"Ni ba don 'yar kowa na zo ba," na ce da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Masu injina nake nema. Suna wajen Malam, shi ne na ɗauko su gaba ɗaya."

Kamar an shirya, aljihun Malam ya fara ƙara. Ya ciro wayar ya miƙa wa Alhaji.

"Datti, taimaka mini da wannan. Muryata ta dushe."

Alhaji ya karɓa da hannu biyu ya kara a kunne. Muna jin muryar mutumin tana fitowa.

"Malam, ni ne na jiya mai neman taki buhu talatin. Na kira ne in yi godiya. Addu'arka ta karɓu, na samu a Bunkure, har an loda."

Alhaji ya ce, "Madalla," da wata irin murya kamar an taka masa yatsa. Murtala ya juya baya yana tari.

Malam ya karɓi wayarsa ya kashe ta gaba ɗaya, abin da ban taɓa gani ya yi ba. Ya dubi yarinya.

"Sadiqa, 'yata, matso. An ce ke kika haɗa abin nan. Gaya mini yadda aka yi na zama mai man gyaɗa."

Ta dubi Alhaji. Alhaji ya dubi buhunan taki. Ta matso ta buɗe kwamfuta, ta yi masa bayanin tasha da ɗan kamasho, ta nuna masa layinsa a sama yana cewa nawa ne ga duk wanda ya shigo. Ba ta ce wane ne ya sa ba. Malam bai tambaya ba, ya dai dubi Alhaji ta saman tabarau, irin kallon da yake yi mana in mun wanke allo ba mu haddace ba.

"To mene ne magani?"

"Biyu ne, Allah gafarta Malam. Ko dai ka koma can ƙasa ka riƙa karɓar waɗanda suka ɓata kaɗai, ko ka zauna a sama ka karɓi masu nemanka kaɗai, baƙin a ba wa wani."

Duk mun san abin da Malam zai ce. Mutumin da yake yi mana wa'azin ƙanƙan da kai tun muna yara. Alhaji har ya fara girgiza kai yana shirin roƙonsa kada ya sauka.

"Yanzu wa yake ƙasan?" in ji Malam.

"Murtala ne."

"In na koma, ina ƙarƙashin Murtala ke nan?"

"Eh, Allah gafarta Malam."

Malam ya shafa gemu. Ya dubi Murtala, Murtala ya washe baki.

"To a bar ni a saman," in ji Malam. "Na saba da gaban sahu, gwiwata ba ta son canjin wuri. Baƙin kuwa na yafe. Na karɓi rabona har da na jikokina."

Kawu ya yi dariya har sandarsa ta faɗi. Alhaji ya yi sauri ya ce to ai magana ta ƙare, tunda Murtala yana ƙasa dama, sai a ba shi baƙin.

"Ni?" in ji Murtala. "Alhaji, baƙo ya sauka a garin nan a kai shi gidan mahauci? Me za a ce da mu a Zariya? Ai baƙo na babba ne, haka muka tarar. Ko ba kai ka faɗa ba? Kuma ni hannuna kullum cikin jini, wa zai ɗaga mini waya?"

Aka ce a ba wa Kawu. Kawu ya ce shi a daji yake wuni, inda yake kiwo sai ya hau kan suri kafin sabis ya kama. Aka ce tela, tela ya ce ana saura kwana kaɗan Sallah ko matarsa ba ya amsa wa. Ni ba a ma tambaye ni ba, an san abin da baƙo zai ji daga bakina.

Malam ya bari aka gama zagaye, sannan ya ce, "Murtala ya yi gaskiya. Baƙo na babba ne. In an cire ni, wa ya fi girma a ƙungiyar nan?"

Duk kawuna suka juya wajen Alhaji.

"Allah gafarta Malam," in ji Alhaji, "ai ni harkokina da yawa."

"Ni nawa kaɗan ne, Datti?"

Alhaji ya juya wajen yarinya, muryarsa ta sauka.

"In na karɓi baƙin, a ina zan zauna?"

"A ƙarshe, Baba Alhaji. Layinka na taki yana nan na biyu. Amma na baƙin, mai ɗauke da sunanka, dole ya zama shi ne ƙasan kowa."

"Ƙasan Murtala."

"Eh."

"Ba yadda za a yi ya ɗan hau ko da taki ɗaya?"

"In ya hau saman Murtala, duk mai neman nama kai zai kira."

"Sannu da zuwa, maƙwabci," in ji Murtala. "Akwai inuwa a nan ƙasa."

Malam ya ce bismillah. Yarinya ta taɓa kwamfuta, kafin Alhaji ya gama gyara hularsa ta ce an gama. Aka ce a gwada. Tela ya rubuta adireshin Kawu a wayarsa, sai ga bijimai biyu sun cika fuskar wayar. Kawu ya karɓa ya kai kusa da ido ya ce wallahi su ne, ga ma tabon da ɗayan ya samu a ƙaya. Aka gwada na Lubabatu, ga jarkoki. Aka gwada nawa, ga inji. Aka gwada na Malam, ga Malam. Sai Murtala ya rubuta shirme da gangan, sai ga Alhaji Datti da babbar riga da lambar waya a ƙasa. Murtala ya ɗaga wayar yana zagayawa da ita kamar ya ciyo kofi.

Ni dai ba wannan nake jira ba. Har yanzu ba a ce komai a kan mutumin Kano ba, kuma Alhaji mutum ne da in ya faɗi magana a gaban jama'a ya gwammace ya yi asara da ya janye. Tela ne ya tayar da zancen.

"Alhaji, to mutumin naka fa? A kira shi?"

Alhaji ya ciro wayar ya riƙe. Ya dubi fuskar kwamfutar, inda sunansa yake kwance a ƙarƙashin na Murtala. Ya daɗe yana kallo.

"Ke Sadiqa. In aka ba wa wani aikin nan, zai ga layukan nan?"

"Su zai fara buɗewa, Baba Alhaji."

"Duka? Har ƙasa?"

"Har ƙasa."

"Mutumin nan a Kantin Kwari yake wuni," in ji Alhaji, kamar da kansa yake magana. "Duk abokan cinikina ya san su. Bakinsa kuma ba ya rufuwa."

Ya mayar da wayar aljihu. Ya miƙe tsaye ya gyara riga ya fuskanci jama'a.

"Jama'a, na yi nazari. Sirrin gida ba a kai shi waje. Yarinyar nan tamu ce, ta san manya, ta san na ƙasa. Aikin nan nata ne, ita za ta riƙe shi, kuma ban yarda wani ya leƙa cikinsa ba, ko ɗan ƙungiya ne. Wanda yake da ja ya faɗa."

Ba mai ja. Malam ya ɗaga hannu aka shafa fatiha. Yarinya ta rufe kwamfutarta ta ce, "Na gode, Baba Alhaji," ta tashi ta yi gida da sauri don ta saka sunan sabon ɗan ƙungiyar nan da yake jira. Ni kuma na je na tayar da babur, don Malam ya ce ɗalibansa suna nan zaune a kan rabin layi.